Darasi Na 12: Zaɓen Manhajar Ɗaukar Fuskar Waya Da Kwamfuta Don Koyarwa

Lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1950, abin da ake bukata daga malami bai wuce allo da alli da ɗan littafin koyon baƙaƙe ba. Har zuwa 1980, sa'ad da gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, karatu da rubutu da lissafi su ne ginshiƙin aji. Suna nan a matsayinsu har yau, sai dai tambayoyin ɗalibai sun ƙaru. Magidancin da ya baro gonarsa a Shuwaki ko 'Yandadi ya zo aji bayan la'asar yana so ya san yadda zai duba sauran datarsa da *323#, da yadda zai haɗa lambar NIN da layinsa ta *996#, da yadda zai tabbatar kuɗin buhun geron da ya sayar sun shigo kafin ya saki kaya. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 ya tura mutane da yawa ga tura kuɗi ta waya ba da shirinsu ba, kuma akasarinsu ba su da wanda zai zauna ya nuna musu. Irin wannan ilimi ba ya zama a kan allo, domin jerin danne-danne ne, wannan bayan wancan, kuma wanda ya manta mataki na uku ya rasa sauran. Maganinsa shi ne malami ya yi aikin a wayarsa yana bayani da baki, wata manhaja kuma tana ɗaukar duk abin da ke gudana a fuskar wayar tare da muryarsa, ta mayar da shi bidiyo wanda ɗalibi zai riƙa maimaitawa a gida. Manhajojin da ke wannan aiki suna da yawa, kuma darasin yau a kan yadda za ku zaɓi ɗaya ne.

Yawancin masu ba da shawara a kan wannan batu suna farawa ne daga hannun malami: wace manhaja ce ta fi kayan aiki, wacce ta fi fitar da hoto tangaran. Ra'ayin wannan darasi shi ne a fara daga hannun ɗalibi. Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai riga, to haka ma kada ku sauke manhaja sai kun san wayar da bidiyonku zai ƙare a cikinta da hanyar da zai bi ya isa can. A ƙaramar hukumar Ghari (Kunci a da), wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 110,000 a warwatse cikin ƙauyuka da unguwannin noma, wayar nan galibi itel ce ko Tecno ko Infinix mai sauƙin kuɗi, sau da yawa ta hannu ce, gilashinta ya tsage ta gefe ɗaya, cikinta kuma ya cika da wa'azi da karatun Alƙur'ani da fina-finan Kano har tana ƙorafin babu wuri. Cajinta a shagon mai janareta ko mai sola ake yi, a biya kuɗi. Data kuwa ta kwana ɗaya ko ta mako ake saye idan ta kama, kuma ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Saboda haka bidiyo a nan bai cika tafiya ta intanet ba. Yana tafiya ne daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth, ko a memori, ko ta hannun masu turi a kasuwa ranar da take ci, sai kuma ɗan abin da ya samu shiga zauren WhatsApp. Duk manhajar da bidiyonta ba zai iya bin wannan hanya ba, ba ta yi muku ba, ko da ita ce ta ɗaya a duniya.

Abu na farko da wannan ya wajabta shi ne lura da nauyin fayil, kuma a nan lissafi ya fi dogon bayani. Kowace manhaja tana da ma'aunin yawan bayanan da take zubawa cikin bidiyo a daƙiƙa ɗaya, wanda za ku ga an rubuta da Mbps a wurin saiti. Idan an bar shi a kan 8, darasi na minti goma, wato daƙiƙa 600, zai kai kusan megabayit 600. Idan aka sauke shi zuwa 1, wannan darasin dai zai dawo megabayit 75, in kuma aka ƙara raba shi biyu ba zai kai 40 ba. Ku dubi tazarar: darasi ɗaya a saitin farko ya cinye fiye da rabin gigabayit, kuma kafin Bluetooth ta gama tura shi an tashi daga aji. Abin da ke taimakon malami shi ne fuskar waya ba filin ƙwallo ba ce. Mafi yawan lokaci hoton a tsaye yake, yatsa ne kawai ke taɓa nan ya taɓa can, don haka bidiyon yana jure matsewa ƙwarai ba tare da ya lalace ba. Girman hoto na 720p ya wadatar, kuma babu dalilin ɗaukar hoto 60 a daƙiƙa alhali 30, kai har 15, sun isa a ga inda aka danna. To manhajar da ta ba ku ikon sauke waɗannan lambobi ta fi wadda ta ɓoye su, komai ƙyalƙyalinta. Idan kuwa taku ba ta bayar da wannan dama ba, akwai HandBrake a kwamfuta, kyauta ce, aikinta ke nan rage wa bidiyo nauyi bayan an ɗauka.

Na biyu, wane irin fayil take fitarwa, kuma ina take ajiye shi? Ku nemi MP4 mai tsarin H.264, domin kusan kowace waya tana buɗe shi. Akwai sabon tsari, H.265, wanda ya fi iya rage nauyi, amma tsofaffin wayoyi da dama ba sa karanta shi, ko su fitar da murya babu hoto. Batun wurin ajiya kuwa shi ne ya fitar da manhajoji irin su Loom daga lissafinmu. Loom ta yi suna a ofisoshin Amurka da Turai, har kamfanin Atlassian ya saye ta a 2023 kan kusan dala miliyan 975, kuma ba a banza ba: kana gama ɗauka bidiyon ya hau intanet, sai ka aika wa abokan aiki mahaɗa su latsa su kalla. Wannan sauƙi an gina shi ne don mutanen da intanet ɗinsu ba ta yankewa. A wurinmu ma'anarsa ita ce malami ya kashe data wajen ɗorawa, kowane ɗalibi kuma ya kashe tasa duk lokacin da ya sake kallo, alhali amfanin bidiyon gaba ɗaya yana cikin maimaitawa. Ku zaɓi wadda ke ajiye fayil a cikin wayarku ko kwamfutarku, ku ga shi da idonku, ku iya kwafe shi zuwa memori ba tare da neman izinin kowa ba.

Na uku shi ne murya, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ɗalibin da bai gama iya karatun boko ba, balle Turancin da aka rubuta menu da shi, da kunne yake bin darasin. Abin da yake riƙewa shi ne "ka danna koren nan na ƙasa, ta hannun dama", ba rubutun da ke jikin koren ba. Wani bincike da Eryn Newman da Norbert Schwarz suka wallafa a 2018 ya nuna cewa idan sautin jawabin masani ya lalace, masu sauraro sukan rage wa jawabin da mai jawabin daraja, ko da kalmomin ba su canza ba. In haka ta faru da masu ilimin boko, ina ga wanda muryar ce kaɗai igiyar da yake riƙe da ita? Saboda haka ku tabbatar manhajar tana ɗaukar sauti daga makirfo, domin wasu suna zuwa ne a saite kan sautin cikin waya kawai, ko ma babu sauti sam, sai mutum ya gama bayani ya tarar da bidiyo bebe. Iyafis mai ɗan makirfo a jikin igiyarsa ya fi makirfon waya tsabta, kuma ɗaki mai labule da katifa ya fi aji mai kwanon rufi da babu silin, inda murya ke amsa-kuwwa. Lokacin ɗauka ma yana cikin lissafi: bayan sallar asuba kafin injin niƙa ya tashi ya fi tsakar rana.

Idan aka ɗora waɗannan sharuɗɗa uku a kan manhajojin da ke akwai, sakamakon yakan ba mutane mamaki, domin wadda ta fi dacewa galibi tana cikin wayar tun daga kamfani. Tun daga Android 11, wanda ya fito a 2020, akwai maɓallin ɗaukar fuskar waya a cikin jerin da ake jawowa daga sama, kusa da na tocila da na data; iPhone kuwa ta samu nata tun 2017. Wannan ba ya neman rajista, ba ya sa talla, ba ya manna tambarin kowa a kan bidiyo, kuma na Android yana da zaɓin nuna ɗan farin ɗigo a duk inda yatsa ya taɓa. Kada ku raina ɗigon nan. In babu shi, ɗalibi zai ga shafi ya canza ne kawai, bai san me aka danna ba. Wanda wayarsa ta tsufa ba ta da wannan maɓalli, shi ne zai nemi manhaja daga Play Store, irin su AZ Screen Recorder ko XRecorder, kuma shi ma ya duba abu biyu kafin ya amince: ko tana sa tambarinta a kusurwar da zai rufe abin da ake son nunawa, da kuma irin izinin da take nema. Makirfo da wurin ajiya haƙƙinta ne. Amma manhajar ɗaukar bidiyo da ta ce sai ta ga lambobin mutanenku ko saƙonninku, ku goge ta nan take.

A ɓangaren kwamfuta, wanda ya shafi masu koyar da buga takardu ko shirya ɗalibai wa jarrabawar JAMB da ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, maganar ba ta da tsawo. Windows 10 da 11 suna da abin ɗauka a ciki, ana kiransa da maɓallin Windows haɗe da G, sai dai taga ɗaya yake ɗauka, ba ya ɗaukar fuskar farko ta kwamfuta ko wurin da ake buɗe fayiloli, wanda kuma nan ne darasin sabon shiga yake farawa. PowerPoint ma yana iya ɗauka. Wadda ta fi su duka cika sharuɗɗanmu ita ce OBS Studio, wadda aka fara a 2012: kyauta ce, babu tambari, babu iyakar mintuna, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma kowane saiti yana hannunku. Aibinta shi ne ranar farko tana da ban tsoro, kuma ba ta yanke bidiyo bayan an ɗauka.

Yanzu ga ƙorafin da ya fi ƙarfi. Wani zai ce, in aka matse bidiyo haka, rubutun menu zai dusashe, kuma darasin waya ai rubutun ne ake son a gani. Ashe ba a kashe amfanin don tsimin data ba? Akwai gaskiya a ciki. Ƙananan haruffa su ne farkon abin da matsewa ke ci, musamman idan bidiyon ya sake bi ta WhatsApp, wanda ke ƙara matse shi sai dai in an tura shi a matsayin takarda. Amma gyaran yana wurin ɗauka ne. Kafin ku fara, ku shiga saitin wayarku ku ƙara girman rubutu zuwa na ƙarshe, ku cire hoton bango mai tarkace ku sa launi ɗaya. Darasin waya ku ɗauke shi a tsaye yadda ake riƙe waya, domin in aka ɗauke shi a kwance zai koma ɗan siririn zane a tsakiyar gilashi. Darasin kwamfuta kuwa, ku tuna cewa fuskar inci goma sha biyar za ta ƙanƙance zuwa inci biyar ko shida, don haka ku kusanto da sashen da ake aiki a kai, ku ƙara girman kibiyar linzami. Babban harafi a 720p ya fi ƙaramin harafi a 1080p karantuwa, kuma nauyinsa bai kai nasa ba.

Ƙorafi na biyu daga masu sha'awar manhajojin kuɗi yake fitowa, kuma Camtasia ta kamfanin TechSmith, wadda ke kasuwa tun 2002, ita ce misalinsu. Suna cewa tana ɗauka, tana yankewa, tana sa kibiya da rubutu, tana kusanto da hoto, duk a wuri ɗaya, har Salman Khan ma ya yi amfani da ita wajen ɗaukar darussansa na Khan Academy. Duk haka ne, kuma cibiyar da ke da kasafi da kwamfuta mai ƙarfi da ma'aikacin da aikinsa ke nan, ba ta yi asara ba in ta saya. Malamin ajin manya da alawus ɗinsa bai taka kara ya karya ba, ba shi ne aka yi wa ita ba, domin da dala ake biya. Hanyar da wasu ke bi, wato sayen kwafin sata a wurin masu gyaran kwamfuta, cin haƙƙin mutane ne, kuma irin waɗannan kwafi sanannun ƙofofin ƙwayoyin cutar kwamfuta ne. Sannan bukatar yanke-yanke tana raguwa ƙwarai idan darasin gajere ne. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun bi diddigin kallo kusan miliyan 6.9 a dandalin edX, suka gano cewa hankalin masu kallo yana raguwa sosai da zarar bidiyo ya haura minti shida. Waɗancan masu karatun darussan jami'a ne. Manomin da ya wuni a gona bai fi su juriya ba. Ku raba aikin: duba ragowar kuɗi bidiyo ɗaya, tura kuɗi wani, gane saƙon shigar kuɗi na bogi wani daban, kowanne minti biyu zuwa huɗu. Wanda harshensa ya sarƙe a minti na biyu, sake ɗauka ya fi masa sauri a kan koyon yanka. Game da sa rubutu a kan bidiyo kuma, ku gwada tukuna ko manhajar tana fitar da ƙ da ɗ da ɓ daidai, don wasu kan mayar da su akwatuna. Kuma ku tuna da yawa daga ɗalibanku ajami suka fi saurin karantawa, wanda hoton takardar da aka rubuta da hannu zai isar.

Akwai haɗarin da babu manhajar da za ta kare ku daga gare shi gaba ɗaya. Abin ɗauka ba ya zaɓe. Saƙon banki da ya faɗo daga sama yana nuna ragowar kuɗinku, sunan wadda ta kira, lambar BVN da ta fito bayan an danna *565*0#, duk za su shiga, kuma bidiyon da ya shiga hannun masu turi ba ya dawowa. Kafin ɗauka ku rufe sanarwa, ku yi amfani da maɓallin dakatarwa duk sa'ad da za a sa lambar sirri, shi ya sa ma manhajar da ba ta da wannan maɓalli ba ta dace da darasin kuɗi ba. Manhajojin banki da yawa sukan toshe ɗauka da gangan, bidiyon ya fito baƙi ƙirin. Wannan kariya ce, kada ku nemi dabarar tsallake ta. Ku zana matakan a takarda ku ɗauka da kyamara. Kada kuma ku yi misali da asusun ɗalibi ko lambarsa, ko da ya ce ya yarda, domin bai san iyakar inda bidiyon zai kai ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan mai sarrafa bayanan wani, amma tun kafin doka amana ta riga ta hana.

Saura masu cewa duk wannan wahala ce ta banza, tun da rabin aji ƙaramar waya mai maɓalli suke riƙewa, kuma gani da ido a gaban malami ya fi kowane bidiyo. Rabin maganar daidai ne: bidiyo ba ya amsa tambaya, ba ya lura da wanda ya ɓata a hanya, don haka bayan darasi yake zuwa. Amma ƙananan wayoyin nan da yawa suna karɓar memori suna kuma buɗe ɗan bidiyo mara nauyi, wanda hujja ce a kan rage nauyin. Kuma waya a gidan ƙauye ba ta mutum ɗaya ba ce. Bidiyon da maigida ya karɓa a aji zai kai ga uwargida da ke sana'ar ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa a cikin gida, wadda ba ta fita aji amma masu sayenta sun fara cewa za su tura mata kuɗi. Malaman gona na hukumar KNARDA ma, da ba za su iya zagaye kowane ƙauye a damina ɗaya ba, suna da irin wannan bukata.

Aikin wannan mako: kowannenku ya ɗauki darasi na minti biyu a kan duba ragowar kuɗin kira da *310#, sau biyu, da manhajoji biyu daban ko da saiti biyu na manhaja ɗaya. Ku rubuta nauyin kowane fayil a littafinku. Sannan ku nemi waya mafi tsufa a ajin, ku tura mata duka biyun ta Xender ko Bluetooth, ku lura da mintunan da turawar ta ci. Ku miƙa wa wani ɗalibi da bai ga lokacin da kuka ɗauka ba, ya kalla a waje cikin hasken rana ba tare da iyafis ba, kada ku ce masa komai, ya gwada yin aikin a tasa wayar. Ku rubuta daidai wurin da ya tsaya ko ya koma baya, ku zo da shi zama na gaba.